Abin da Maganaɗisu Ya Ɗebo Daga Garin Masara

Duk namijin da ya auri malamar kimiyya, sai ya haƙura da kayan gidansa. Mijin Malama ya daɗe da gane haka. Rariya za ta ɓace a farkon mako, ta dawo a ƙarshensa da yashi a ramukanta. Kofunan gilashin baƙi sun tafi makaranta, har yau ba a ji labarinsu ba. A makon da ake wannan magana, ko tsohuwar rediyonsa da ta mutu ba ta tsira ba. Yana can kan hanya da motar kayan da yake tuƙawa, Malama ta sa sukudireba ta farke ta, ta ciro maganaɗisun da ke bayan sifika, ta ce gara ya yi aiki da ya zauna yana shan ƙura a kan kabad.

Darasin 'yan aji biyar a makon shi ne abubuwan da suka cakuɗe da yadda ake raba su. Sun raba tsakuwa da yashi da rariya. Sun zuba gishirin da ya haɗe da yashi a ruwa, sun tace da tsumma, sun shanya ruwan a faranti a bakin taga, kuma da gishirin ya fito fari tas yaran suka dinga kallonta kamar ta yi siddabaru. Saura maganaɗisu. Mai walda na bakin titi ya tara mata garin ƙarfe ya ƙunsa a takarda. Abin da za ta cakuɗa shi da shi kuwa ba sai ta nema ba, don ga garin masarar da take dama wa ɗanta.

Wannan gari yana da tarihi. Yayan Malama ne mai injin niƙa na unguwar, kuma shi ya riƙe ta tun da iyayensu suka rasu tana ƙarama. A kan bencin injin nan ta koyi karatu, da ƙura a gashin ido. Shi ya sa har ta girma ta yi aure ba ta taɓa bin layi ba. Da sassafe takan ajiye kwanon masararta ta wuce, Yaya ya niƙa mata kafin kowa, ya juye a leda, autarsa da ke ajinta ta taho mata da shi makaranta. Tun da aka fara bai wa yaron abinci, Yaya ya ɗauki niƙan nan kamar aikin ibada. Babban Mutum yake kiran yaron, wai don yadda yake ɗaure fuska in ana masa wasa.

Ran nan Auta ta kawo ledar ta ajiye a kan tebur, a ɗaure tamau irin ɗaurin ubanta. Malama ta kwance, ta ɗebi gari ta baza a faranti. Fari ne sol, da laushi, har da sauran ɗumin inji. Ta sa maganaɗisun a cikin wata leda mai haske don kada ƙarfe ya liƙe masa ya ƙi fita, ta ɗaga shi sama.

"Wa ya san wannan?"

"Mayen ƙarfe!" in ji ajin gaba ɗaya.

"To. Kafin mu zuba garin ƙarfe, bari ku ga abu ɗaya. Wannan gari ne zalla, ba komai a cikinsa. In na bi ta kansa da maganaɗisu, me zai ɗauko?"

"Ba komai, Malama."

Ta nutsa shi cikin garin, ta zagaya a hankali tana kallon yaran, tana murmushin wanda ya san amsa. Ta ɗago.

Ledar ta fito da gemu. Baƙin gashi siriri ya tsaya cirko-cirko a gefen maganaɗisun, yana rawa kaɗan in hannunta ya motsa.

Yara suka kaure da tafi. Malama ba ta ji tafin ba. Idonta ya tafi kan ƙunshin mai walda, yana nan a ƙarshen tebur, a naɗe, da zaren da aka ɗaure shi ko taɓa shi ba a yi ba. Ta ce a ranta wataƙila farantin ne, ko ledar ce ta kwaso datti a jaka. Ta goge, ta sake sabuwar leda, wannan karon ta zura maganaɗisun kai tsaye cikin babbar ledar garin, can ƙasa. Ya fito da gemun da ya fi na farko.

Tafin ya fara raguwa. Yara ba wawaye ba ne, sun iya karanta fuskar malami fiye da allo. Wani yaro a layin gaba, ɗan mai gyaran rediyo, wanda tambaya ba ta ƙare masa, ya ɗaga hannu.

"Malama, ba kin ce ba komai a ciki ba? Ai ba ki zuba ba tukuna."

Akwai yara da yawa a ajin nan, kuma in ka cire 'yan kaɗan, duk garin gidajensu daga injin Yaya yake fitowa. Malama ta san haka. Ta san kuma abin da ya shiga kunnen yaro da hantsi, kafin azahar ya shiga kunnen uwarsa, kafin magariba ya zagaye unguwa. Ta hango bencin Yaya ba kowa a kai. Kafin ta gama hangowa, bakinta ya riga ta.

"Na zuba tun ɗazu," ta ce. "Gwada ku nake yi, in ga wa ke lura."

Ajin ya fashe da dariya, wasu na cewa wallahi da ma sun sani. Ita kuwa, duk shekarunta na koyarwa, ta yi wa yara faɗa, ta yi musu horo, amma ba ta taɓa tsayawa a gaban allo ta shara musu ƙarya ba, kuma ta tsorata da yadda ta fito mata a sauƙaƙe. Ta waiga layin baya. Auta ba ta dariya. Yarinyar tana kallon ledar da ta ɗauko da hannunta tun daga inji, sannan ta ɗago ta kalli gwaggonta.

Yadda aka ƙarasa darasin, Malama ba za ta iya faɗa ba. Ta dai tuna ta rubuta wani abu a allo, kuma da aka kaɗa ƙararrawa ta ce yau babu aikin gida. Wannan ma ya girgiza ajin, don malamar da ke ba da aiki ko ranar da za a tafi hutu ce.

"Ba komai, Malama," in ji ɗan mai rediyo. "Shagon babana cike yake da matattun sifika. Zan raba wa kowa mayen ƙarfe, mu gwada abubuwan gidanmu."

"Ba dole ba ne," ta ce, muryarta ta yi ƙasa.

"Ai muna so."

Da suka fita hutun tara, ta rufe ƙofar ajin ta koma kan tebur. Ta zuba ruwa a kofin gilashi, ta zuba gari cokali guda, daidai yadda take auna wa Babban Mutum, ta motsa, ta manna maganaɗisun a jikin kofin daga waje. A gaban idonta ƙananan baƙaƙen ɗigo suka dinga ratsa farin ruwan suna taruwa a gefe ɗaya. Da safen nan ta ba shi. Jiya ma ta ba shi, har tana yaba shi don ya shanye tas ya miƙo baki.

Ƙofa ta yi ƙara. Auta ce, ta shigo ta tsaya nesa kaɗan, hannayenta a baya.

"Malama."

"Je ki yi wasa."

"Gwaggo," ta ce a hankali, ta bar sunan makaranta. "Ba ki zuba ba. Baba ne ya ɗaure, ni na ɗauko, a gabanmu kika kwance."

Malama ta ture kofin gefe.

"Daga injinmu ne?"

"Ban sani ba tukuna."

"In daga injinmu ne, za a kama Baba?"

"Ba wanda zai kama babanki. Kada ki gaya wa kowa, kin ji? Ni zan yi masa magana."

Yarinyar ta gyaɗa kai ta fita. Sai bayan ta fita Malama ta gane abin da ta yi: ta ɗora wa 'yar ƙaramar yarinya rabin ƙaryarta ta ɗauka.

Ana tashi ta aika wa maƙwabciyar da ke riƙe mata yaro cewa kada a ba shi komai sai ta dawo, ta nufi inji da ledar a hannu. Tun daga kwanar titin ake jin ƙararsa. Rumfar kwano ce, an yi mata bango da katako, komai a cikinta fari: bel ɗin da ke juyawa, igiyar lantarki, kalandar da ba a iya karanta ta, har yanar gizo-gizo. Mata suna zaune a benci, kwanuka da bokitai sun yi layi a ƙasa, kowa ta san nata. Yaya yana tsaye a kan akwatinsa yana tura hatsi cikin mazurari da tafin hannu, girarsa fara fat. Injin ya daɗe da cinye masa rabin ji, shi ya sa ko gaisuwa zai yi sai ka ɗauka faɗa yake.

Ba ta je wurinsa kai tsaye ba. Ta tsuguna kusa da wata dattijuwa mai sayar da abinci da aka gama wa niƙa, ta gaishe ta, ta ce bari ta ga laushin garin. Maganaɗisun na cikin tafin hannunta a ɓoye. Ta shafa garin ta juya baya ta duba. Ɗigo ne 'yan kaɗan, sai ka ƙura ido za ka gan su. Ta gwada na wata matar. Haka. Akwai, amma ba gemu.

Nan kanta ya ɗaure. Inji ɗaya, hannu ɗaya, me ya sa nata ne kawai?

"'Yar Boko!" Yaya ya hango ta. "Me ya dawo da garin Babban Mutum? Bai yi laushi ba?"

Ta yafito shi. Ya kashe bel ɗin ya bar injin yana gunaguni, ya biyo ta bayan rumfa inda yake ajiye jarkoki, yana karkaɗe hannu.

"Yaya, yaya kake niƙa nawa?"

Fuskarsa ta washe. Da ma tambayar da ya daɗe yana jira a yi masa ke nan.

"Ai naki daban ne. Kin ga farantan ƙarfen nan biyu da ke murƙushe hatsi? Na mutane, ina barin 'yar tazara tsakaninsu. Naki kuwa, ina murɗa sukurun nan in matse su sai na ji sun fara kuka. In ya fito in mayar, in ƙara matsewa. Kuma in an waso farantan, haƙoransu na da kaifi, naki nake fara sawa kafin na kowa ya dakushe su. Maƙogwaron yaro ba ya son tsaki. Ki tambayi duk unguwar nan, wa ke samun gari irin naki?"

Yana faɗa yana dariya, yana nuna yadda yake murɗa sukurun da hannu a iska. Malama ta zo da shirin ta same shi da sakaci, ko ma da ha'inci, har ta tanadi kalaman da za ta gaya masa a hanya. Ba ta zo da shirin wannan ba.

Ta kwance ledar. Ta zura maganaɗisun, ta zaro, ta miƙa masa.

Ya karɓa ya kai kusa da ido. Ya shafa gemun da babban yatsa, ya murza tsakanin yatsu biyu, ya kalli baƙin da ya bari a fatarsa. Mutumin da ya yi rayuwarsa cikin ƙarfe ba sai an gaya masa mene ne wannan ba.

"Daga masararki ne," ya ce. "Masu shanya a bakin titi, komai suna kwasowa."

"Ni na wanke ta, Yaya. Ni na tsince ta ɗaya-ɗaya."

"To daga makarantarku ne. Yara sun zuba miki."

"Kai ka ɗaure. Auta ta ɗauko."

Ya tsaya yana kallonta, hancinsa na buɗewa. Sai ya juya ya shiga rumfar. Ya ɗebo masarar gidansa daga buhu, ya bi ta da maganaɗisun, ba abin da ya kama. Ya mayar da bel, ya murɗa sukurun kamar yadda ya saba yi mata, har injin ya canza murya ya koma wani siririn kuka da ta sani tun tana yarinya, wanda ta ɗauka kukan gari mai kyau ne. Ya tara kwano. Ya dawo bayan rumfa da shi, ya nutsa maganaɗisun da hannunsa.

Da ya ɗago, sai ya nemi jarka ya zauna.

Daga baya ya miƙa hannu ƙarƙashin wani tebur ya jawo wani tsohon faranti cikin waɗanda ya tara a can, ya ɗora a cinya. Haƙoransa sun shafe, ya yi sumul kamar bayan cokali. Akwai irinsa da yawa a jibge, har tsatsa ta haɗe wasu.

"Duk shekarun nan," ya ce, kuma yau muryarsa ba ta kai ta kowa ba, "in faranti ya suɗe sai in ce ya tsufa, in cire in sa wani. Ban taɓa tambayar kaina ina ƙarfen ya tafi ba." Ya shafa farantin. "Tun yaushe yake sha?"

"Tun da ya fara cin abinci."

"Kullum?"

"Kullum."

"Ni na ba shi ke nan. Da hannuna. Ina murna."

Tausayinsa ya kama ta har ya danne tsoron da ta zo da shi. Ta tsuguna a gabansa kamar yadda take yi tana ƙarama in za ta roƙi wani abu.

"Yaya, saurara. Ba wanda ya sani. A gaban aji abin ya fito, amma na ce musu ni na zuba. Ka daina matsewa, ka sa sababbin faranti, mu ɗaura maganaɗisu a bakin da gari ke fita, shi ke nan. Na mutane kaɗan ne a ciki, na duba. Ba sai kowa ya ji ba."

Ya karkato kunnensa mai ji. "Kin ce musu me?"

"Na ce ni na zuba."

"Ƙarya kika yi wa yara?"

"Don kai na yi."

"Auta tana ajin?"

Ta sunkuyar da kai.

Kallon da ya yi mata ya fi wanda ya yi wa maganaɗisun. Ba fushi ba ne, da fushi ne da ta ji sauƙi. Mamaki ne tsantsa, irin na wanda ya buɗe tukunyar da ya rufe da hannunsa ya tarar da wani abu daban.

"Ni ban yi karatu ba," ya ce. "Na sha ƙurar nan don ke ki yi. In na ji yara a titi suna cewa Malama ta ce kaza, sai in ji kaina ya yi girma, don na san in kin ce kaza, kaza ne. Yanzu ni ne dalilin da ya sa ba haka ba ne?"

Ya miƙe da kwanon a hannu ɗaya, maganaɗisun a ɗayan, ya shiga rumfar. Ta biyo shi tana kiran sunansa, bai ji ba, ko ya ƙi ji. Ya kai hannu ya kashe injin gaba ɗaya.

A iya saninta, injin nan bai taɓa yin shiru da rana tsaka ba sai in wuta ta ɗauke. Shirun ya sauka a kan titin har ana jin kukan kaji a gidan da ke kallon rumfar. Matan da ke benci suka ɗago kai.

"Iyayena, ƙannena," in ji Yaya, muryarsa ta dawo da ƙarfinta. "Ku duba nan." Ya ɗaga maganaɗisun da gemunsa. "Wannan ƙarfe ne. Daga farantan injina ya fito, cikin garin da na niƙa yanzu. Na ƙanwata ya fi yawa don nata nake matsewa, amma naku ma akwai. Ban sani ba sai yau. Na rufe sai na gyara."

Sannan maganaɗisun ya fara yawo hannu zuwa hannu, kowace mace na nutsa shi a kwanonta tana ɗagowa tana ƙura ido. Wata ta yi salati a hankali. Wata mai goyo ta kwanto ɗanta ta zuba masa ido kamar za ta hango ƙarfen ta fatarsa. Dattijuwa mai abinci ta kalli garinta, ta kalli Malama.

"Ashe abin da kike shafawa ke nan ɗazu, 'yata? Kika ce laushi kike dubawa?"

Malama ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

"Mai Inji," in ji wata, "shekara nawa muna ba 'ya'yanmu wannan?"

"Ban sani ba," ya ce. "Da na sani da na faɗa."

Ba a yi zagi ba, kuma hakan ya fi ciwo. Ɗaya bayan ɗaya suka sunkuya suka ɗauki kwanukansu da bokitansu, waɗanda aka niƙa da waɗanda ba a niƙa ba, suka nufi titin da ke zuwa wani injin a ƙetaren kasuwa. Kafin wani lokaci ba abin da ya rage a ƙasan rumfar sai zagayen da gindin kwanuka suka bari a cikin ƙura.

Da yammar ranar Malama ta kai Babban Mutum asibiti da ledar garin a jaka. Likitar ta duba shi sama da ƙasa, ta ce ba ta ga abin tayar da hankali a jikinsa ba, amma a daina ba shi, a dawo da shi a sake dubawa. Yaron ya ɗaure wa likitar fuska har suka fito. A hanya Malama ta yi kukan da ta riƙe tun safe.

Washegari ta tarar da ajin kamar kasuwa. Ɗan mai rediyo ya cika alkawari, kowa da maganaɗisunsa, wasu har da ɗan baƙin gari a kwalin ashana. Labarin inji ya riga ta isowa. Tana shiga aka yi shiru, ido ya koma kan Auta, wadda ta zauna ita kaɗai a benci, abokan zamanta sun matsa gefe.

Malama ta ajiye jaka. Ta ɗauko ƙunshin mai walda ta ɗaga, da zarensa yadda yake.

"Jiya na ce muku na zuba wannan a gari. Ban zuba ba. Ga shi ko kwancewa ban yi ba. Na ji tsoro ne, don mai injin yayana ne, sai na yi muku ƙarya. Shi da ya gani bai ɓoye ba, ya kashe injinsa ya gaya wa iyayenku da bakinsa." Ta dubi ɗan mai rediyo. "Kai ka yi daidai da ka tambaya. In idonka ya ga abu, malami ya faɗi wani abu daban, ka sake tambaya."

Yaran suka yi tsuru-tsuru. Malama da ƙarya, abin ya fi ƙarfin kansu fiye da ƙarfe a cikin gari. Ba wanda ya yi tafi. Can sai wata yarinya ta ja jakarta ta koma kusa da Auta ta zauna, aka ci gaba da darasi.

Kwanaki suka wuce injin na rufe. Malama ta koma daka wa yaron a turmi, hannunta ya yi kanta. Auta ce ke kawo mata labari: Baba ya sayo sababbin faranti, Baba ya kwaso matattun sifika a shagon mai rediyo ya jera maganaɗisu a bakin inji, Baba ba ya cin abinci sosai. Shi da kansa bai zo gidanta ba, alhali a da ba ya kwana biyu bai leƙo Babban Mutum ba.

Ranar da Auta ta ce gobe za a tayar da injin, Malama ta wanke masara ta shanya.

Washegari ta isa da sassafe kamar yadda ta saba. Yaya ya share rumfar, ya goge benci, har kalandar ya kakkaɓe. Yana zaune a kan akwatinsa yana kallon titi. A da warhaka kwanuka sun fara layi tun kafin ya buɗe. Yau wata mata ta wuce da bokiti a ka, ta gaishe shi daga nesa, ba ta tsaya ba.

Malama ta ajiye kwanonta a gabansa.

Ya kalli kwanon, ya kau da kai. "Na wa?"

"Na Babban Mutum."

"Kai shi ƙetaren kasuwa."

"Can wa ya gwada nasu? Nan na san abin da ke bakin inji."

"'Yar Boko, ba zan iya ba."

Ta buɗe jaka ta ciro maganaɗisun rediyon mijinta, a cikin sabuwar leda, ta ɗora a kan masarar. "In ka gama ka gwada da kanka. In ya fito da ko ɗigo ɗaya, mu zubar, gobe in kawo wata."

Ya miƙe a hankali ya tayar da injin. Ya kai hannu kan sukurun, ya murɗa kaɗan, hannun ya so ya ci gaba don ya saba, ya tsayar da shi. Injin bai yi siririn kukan nan ba. Garin ya zubo cikin kwano, ya nutsa maganaɗisun ya zagaya, ya sake zagayawa har ƙasa, ya fita da shi bakin rumfa inda haske yake ya juya shi ta kowane gefe. Ledar fara ce tas.

Ya ɗebi garin ya murza tsakanin yatsunsa, fuskarsa ta yamutse.

"Da tsaki," ya ce. "Ba zan ƙara iya yi masa mai laushin nan ba."

Malama ta ɗauki kwanon ta ɗora a kai. "Ina da rariya, Yaya," ta ce. "Zan tankaɗe."